Jegon da Babu Jariri

Ranar nan wani daga cikinku ya tsaya a bayana ina cire wa wata mata mahaifa ta ƙasa. Da muka fito muna wanke hannu sai na ji yana gaya wa abokinsa wai wannan ai ba wani aiki ba ne, ko wuƙa ba a ɗora a kan ciki ba. Ban tanka masa ba, don bayana ya gaji kuma yunwa nake ji. Amma maganar ta tsaya mini a rai, domin na taɓa jin irinta daga bakin wata tsohuwa ta wani ƙauye a ƙasar Miga. Ita tana da uzuri, ba ta taɓa zama a aji ba. Ku da kuka ƙare jami'a kuka rataya abin sauraron ƙirji a wuya ba ku da shi. To ku ja kujera ku zauna, sababbin likitoci, in gaya muku yadda sana'ar take. A cikinta na yi furfura a nan Dutse, kuma ba fariya ba, hannuna ya san hanyoyin nan biyu kamar yadda ƙafata ta san hanyar gidana a Yalwawa.

Ba maganar cutar daji nake yi ba, wannan shafinta daban. Ina maganar macen da ƙari ya cika mata mahaifa, ko wadda jini ya ƙi tsaya mata duk maganin da aka gwada, ko wadda mahaifarta ta zazzago bayan haihuwa mai yawa. Idan ta gama haihuwa, aka zauna da ita ta yarda a cire, hanya biyu ce a hannunmu. Ko dai a yanka ciki a buɗe a ɗauko ta ta sama, ko kuma a bi ta hanyar da ɗa yake fitowa a sauko da ita ta ƙasa. Na san akwai ta uku da ake yi da kyamara ta 'yan ƙananan huji, wannan ku za ku ba ni labarinta in Allah ya kai ku.

Wanda ya koya mini aikin wani dattijo ne mai gajeren haƙuri, Allah ya jiƙansa. Na daɗe a gefensa ba abin da nake yi sai riƙe ƙarfen da ke buɗe wuri, har kafaɗata ta koyi yin barci a tsaye. Ta ciki ya fara sakar mini. Da na matsa masa ya bar ni in gwada ta ƙasa, sai ya ce, “Yarinya, wanda bai iya buɗe ciki ba ba ya taɓa ƙasa. Ran da ta ƙi miki, ina za ki gudu? Cikin nan dai za ki buɗe, kuma a gurguje.” Ran da ya yarda kuwa, sai ya kama yatsana ya sa a wurin, ya ce in ɗaga kaina in kalli bango in gaya masa abin da nake taɓawa, mafitsara ce ko mahaifa. Na yi ta faɗin ba daidai ba yana tsaki, har ranar da yatsan ya fara ba ni amsa kafin in yi tunani.

Bambancin ke nan da mai kallo daga baya ba ya gani. Idan ka buɗe ciki komai yana gabanka a fili: ga hanji ka ture shi gefe, ga mafitsara, ga jijiyoyin jini ka damƙe su da kilam, ƙarfen nan mai matse jijiya, ɗaya bayan ɗaya ka ɗaure. In jini ya ɓalle kana kallon inda ya fito. Ta ƙasa kuwa kana zaune ne a kan 'yar kujera, kana aiki ta wurin da bai wuce bakin tulu ba, mataimaka biyu sun sunkuya a gefenka ba sa ganin komai sai gumi. Mafitsara tana manne da gaban mahaifa, almakashinka ya kauce kaɗan ka huda ta. Bututun da ke kawo fitsari daga ƙoda yana wucewa dab da jijiyar da za ka ɗaure. Jijiya kuma in ta suɓuce daga kilam ba ta tsayawa jiranka, sama take komawa inda fitila ba ta kaiwa. Shi ya sa nake duba kilam ɗina da hannuna kafin a fara, duk wanda haƙoransa suka saki in mayar da shi, ko da ma'aikaciyar jinya za ta harare ni.

Kuma ba son rai ne ke zaɓar hanya ba, jikin matar ne. Nakan duba girman mahaifar, in ga tana motsi ko ta kafe, in tambaya ko an taɓa yi mata aikin ciro ɗa, in duba hoton ciki ko akwai abin da ya taɓa ƙwan haihuwa. Wadda ƙari ya kai mata cibiya, ko aikin baya ya manne mata kayan ciki, ba na wasa da ita, ciki nake buɗewa. Wadda mahaifarta ƙarama ce kuma ta riga ta sauko rabin hanya da kanta, zalunci ne a tsaga mata ciki.

Gwaggo Asabe, tsohuwar da na ambata, ta ciki na yi mata. Ungozoma ce a ƙauyensu, mijinta ya rasu ta dawo gidan ƙaninta Malam Sale, manomin gero, kuma ita ke juya gidan, babba da yaro Gwaggo suke ce mata. Ta zo da ciki kamar na mai shirin haihuwa, idonta fari fat saboda zubar jini. Sai da aka ƙara mata jini kafin in taɓa ta. Na yanka daga ƙasan cibiya zuwa mara, na yi ta fama, abin da na fito da shi ya cika kwanon tiyata har ya yi tozo. Kamar yadda aka saba, muka nuna wa Malam Sale, ya yi salati, ya naɗe a ƙyalle ya tafi da shi ya binne. Ta daɗe a kwance, tari ma sai ta dafe ciki. Da ta koma gida kuwa duk wanda ya zo dubiya sai ta ɗan sassauta zani ta nuna wa mata ɗinkin. Ta yi watanni ba wanda ya bari ta ɗaga ko buta cike.

Bayan nan ne muka shiga shekarar da ba na son tunawa. Damina ta yi nauyi, ruwa ya yanke hanyoyi ta wajen Ringim da Miga, gidajen ƙasa suka jiƙe. Matan da muka yanka wa ciki suka riƙa dawo mana da ciwo ya ruɓe, ɗinki ya buɗe, wasu a kan amalanke. 'Yan'uwan da za su ba da jini ba su da hanyar zuwa. Ɗakin mata ya cika da warin da har yanzu in na tuna sai na ji shi a hanci. Na lura waɗanda na yi wa ta ƙasa ba sa cikin masu dawowa. Washegarin aiki suna zaune suna shan kunu, zazzaɓi bai cika kama su ba, kafin ka ankara suna tambayar yaushe za a sallame su. Tun daga shekarar, duk macen da jikinta ya ba da dama, ta ƙasa nake bi, kuma ban yi nadama ba.

Sai dai hanyar tana da nata tarkon, kuma ba a ɗakin tiyata yake ba. A tsakar gida yake.

Wasu shekaru bayan aikinta, Gwaggo Asabe ta shigo ofishina tana jan wata mata a baya. Ta ce, “Likita, ga Talatu matar ƙanina. Irin aikin da kika yi mini za ki yi mata.” Talatu ba ta ɗaga kai ba. Sai da na fitar da Gwaggo na rufe ƙofa sannan ta yi magana. Haihuwarta tara. Shekaru ke nan wani abu yana leƙowa ta gabanta, da farko in ta yi nishi, daga baya ko tana tsaye. Tsumma take ɗaurewa ta tare shi. Fitsari ba ya fita sai ta tura abin da hannu, wurin ya goge har ya yi gyambo, kuma ta daina zuwa biki da suna don tana tsoron a ji wari. Da na duba, mahaifar ta fito waje gaba ɗaya, ƙarama ce, ba ƙari ba komai. Na yi mata bayani, na ce ba sai an yanka cikinta ba. Ta ce ita dai a raba ta da abin, ko ta ina ne.

Muka yi jinyar gyambon har ya warke, sannan na shiga da ita. Allurar baya aka yi mata, idonta biyu. Na zagaye bakin mahaifar da wuƙa, na ture mafitsara sama a hankali, na bi jijiyoyin ina damƙewa ina ɗaurewa har mahaifar ta faɗo hannuna. Amma cirewar ba ita ce aikin ba. Aikin shi ne abin da ya rage: dole a kamo saman hanyar a ɗinke shi da igiyoyin naman da dā suke riƙe da mahaifa, a gyara bangon gaba da na baya da suka saki. Wannan ɗinki na ciki shi ne komai. In ya kama, mace ta rabu da wahala. In ya tsinke kafin nama ya haɗe, hanyar ce da kanta za ta juyo waje, da mafitsara da hanji a bayanta, kuma gyara na biyu bai cika yin kyan na farko ba. Aikin Talatu ya yi kyau, na fito ina jin daɗin hannuna.

Da aka kai wa dangi abin da aka cire, Gwaggo ta leƙa kwanon ta ɗago ta dube ni. Bai fi ɗan mangwaro ba. Ta ce, “Ina sauran?” Na ce ai shi ke nan. Ta wuce gadon Talatu, ta ɗaga mata riga ta shafa cikin daga sama har ƙasa, sumul, ba ko filasta.

“Likita, ni fa ban gane ba. Ina wurin aikin?”

“Yana ciki, Gwaggo. Ta ƙasa muka bi.”

“Ta ƙasa! To ai wankin ciki kika yi mata ke nan. Ni da aka yi wa aiki ga shi nan.” Ta dafa mararta. “Wannan ko wuƙa ba ta gani ba.”

Na yi bayani iya yina. Ranar sallama na tara su da Malam Sale na ce ba daka, ba jan ruwa a rijiya, ba ɗaukar kaya. Malam Sale ya ce to, in sha Allahu. Gwaggo ma ta ce to, amma irin “to” ɗin da ake ce wa yaro don ya yi shiru. Talatu kuwa ta sauko daga gado da ƙafarta, ta naɗe tabarmarsu da kanta, tana tafiya garau. Wannan tafiya garau ita ta fi ba ni tsoro, domin lokacin kaka ne, an yanke gero, kowane hannu a gidan manomi yana da aiki.

Ba a yi sati biyu ba aka dawo da ita, zaninta da jini. Na kwantar da ita na duba. Allah ya taimake mu, gefe ɗaya ne na ɗinkin ya ɗan ja, wata 'yar jijiya ta buɗe, amma ginin bai rushe ba. Na ɗaure jijiyar, jinin ya tsaya. Na tambaye ta me ta yi. Ta ce ba komai, sussuka ce kawai ta taya, sai ruwa da ta ja guga kaɗan. Na ce wa ya sa ta? Ta ce ba wanda ya sa ta. Mutum yana zaune lafiyarsa ƙalau, ba ciwo ba rauni, tsohuwa tana daka a gabansa, da wane ido zai kalli mutane?

A nan na ga inda matsalar take. Gwaggo ba muguwa ba ce, ita ta kawo Talatu asibiti tun farko, ita ta ɗauko ta yanzu hankalinta a tashe. Abin da ta sani shi ne aiki yana da tabo, tabon kuma shi ke sa a tausaya wa mutum. Wadda aka yanka wa ciki zafin ciwon ne ke hana ta ɗaga tabarya, in ma ta ɗaga wani zai karɓe. Wadda aka yi wa ta ƙasa ba ta da mai yi mata wannan shaida, ko a wurin kanta. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar, amma faɗa ba zai riƙe ɗinki ba. Na sa aka kira mini Gwaggo ita kaɗai, na ba ta kujera.

Na ce, “Gwaggo, mata nawa kika karɓi haihuwarsu?”

Ta ce, “Wa ya ƙirga? Rabin garin a hannuna suka faɗo.”

“In mace ta haihu, kina ganin tabo a cikinta?”

“Wane irin tabo kuma? Ai ta hanyarsa ya fito.”

“To washegari sai ki miƙa mata tabarya?”

Ta zabura kamar na zage ta. “Haba Likita! Ɗanyen jiki? Ai ciki a buɗe yake, sai ya koma.”

Na ce, “To ta hanyar nan na fito da mahaifar Talatu. Jikinta ɗanye ne, ya fi na mai haihuwa ɗanyantaka, don ita har da ɗinki a ciki. Mai jego ce, jaririn ne kawai babu.”

Ta gyaɗa kai ta ce, “Ashe jego ne. To me ya hana ki faɗa tun farko? Kika tsaya kina ta ce mini ɗinki, ɗinki.” Na haɗiye wannan, don ba ranar neman gaskiyata ba ce.

Sai kuma na ga idonta ya kawo haske, na san na buɗe wata ƙofar. Ta fara lissafin itacen da za a saro na dafa ruwan wanka da kanwar kunu. Na ce a'a, tsaya. Wannan jegon ba wankan tafasasshen ruwa, ba zama a cikin ruwan zafi, ba gashi, ba cusa komai, ba kunun kanwa. Ruwa mai ɗumi ya isa. Muka yi ta ja kamar masu cinikin akuya. Ta ce jego ba kanwa ai ba jego ba ne. Na ce wannan na asibiti ne, haka yake zuwa. Ta ce to farfesun kaza fa? Na ce wannan kam a ba ta har ta ture. Ta ce maigida fa? Na ce kamar dai yadda aka saba, sai bayan arba'in. Ta ce, “Wannan ki bar ni da shi.” Abin da na daɗe ina jin nauyin gaya wa mazan ƙauye, kalma ɗaya ta ɗauke mini shi.

Tun daga kan Talatu, duk macen da na yi wa ta ƙasa ba na sallamar ta sai na nemo babbar macen gidan, ba mijin kaɗai ba, na gaya mata mai jego za ta tafi da ita. Ku rubuta wannan a inda kuke rubuta sunayen zare da allura. Ko kun iya cire mahaifa ta ƙasa cikin gwaninta, in ba ku san wace ce ke raba aiki a tsakar gidan ba, rabin aikin kuka yi.

Bayan arba'in suka dawo a duba ta. Da ƙyar na gane Talatu, ta yi ƙiba, fuskarta ta cika. Gwaggo ce ke riƙe da jakarta, kuma tun daga bakin ƙofa take ba ni rahoto: ta ɗauko 'yar ƙanwarsu ta zo ta karɓi daka, ta hana Talatu ko shara, wata maƙwabciya da ta ce wane irin jego ne ba a ji kukan jariri ba ta sha faɗan da ba za ta manta ba. Na fitar da ita na rufe ƙofa. Na duba Talatu, nama ya haɗe, komai yana inda na ajiye shi, fitsari yana fita ba taimakon hannu. Na ce mata alhamdu lillahi, ta warke, za ta iya fara ƙananan ayyuka.

Ba ta yi murnar da na zata ba. Ta kalli ƙofa, ta matso, ta rage murya.

“Likita, don Allah kada ki gaya wa Gwaggo tukuna.”

Na ce me ya sa?

Ta ce, “Haihuwata tara, ban taɓa cika arba'in a zaune ba. Wani ya zo da shuka, wani da girbi, wani ba mai taya ni. Ana gama suna nake komawa turmi. Sai wannan da ba ɗa a cikinsa, shi ne aka dafa aka kawo mini har ɗaki.” Ta yi 'yar dariya, ta sa bakin mayafi ta goge ido.

Maganar ta soke ni, domin a cikinta na ji dalilin da ya kawo ta teburina tun farko. Ban saba yi wa dangin marar lafiya ƙarya ba, kuma ban yi ba ranar. Dama tabarya da guga ba sa cikin ƙananan ayyuka. Na buɗe ƙofa na kira Gwaggo na ce jiki ya yi kyau, amma daka da jan ruwa da ɗaukar dami sai an ƙara wasu watanni, kuma ko bayan nan kada ta koma yadda take yi dā.

Gwaggo ta juya ta nuna Talatu da yatsa. “Kin dai ji da kunnenki. In na ƙara ganin ki kusa da turmin nan, ni da ke ne.”

Talatu ta sunkuyar da kai ta ce, “To, Gwaggo.”